Sallama a Tsakiyar Mitin

Mu biyar ne muka kama gidan nan na Sabon Gari a Wudil, duk samari, duk aikinmu a cikin kwamfuta yake. Ni nawa shi ne amsa koke-koken masu sayayya na wani kamfani da ke Lisbon, birnin da ko a mafarki ban taɓa takawa ba. Shugabata ta can ce ta sa mini ra'ayin kama gidan. Kullum muna mitin ta bidiyo sai in ga mutane suna giftawa ta bayanta da kofin shayi, har ran nan na kasa haƙuri na tambaye ta ko duk 'yan'uwanta ne. Ta ce ko ɗaya, masu aiki daga nesa ne suka haɗu a gida guda, kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya, intanet ɗaya. Na ce a raina, ashe gidan haya ne irin namu, suna kawai aka sake masa.

Na tattaro abokan karatuna na jami'a, muka ɗora sola a kan rufi, muka mayar da falo ofis. Ban taɓa jin daɗin zama irin na lokacin ba. Wuta ba ta ɗaukewa, tukunya ba ta hucewa, kifin kogi kuwa sai da muka ci har ya fita daga ranmu. Shugaban gidan wani Kirista ne ɗan Filato, gwanin dafa gwate kuma gwanin kafa doka. Babbar dokarsa ita ce ta faifai: duk wanda ya shiga mitin, sai ya rataye faifai a ƙofar falo. Muddin yana rataye, ba dariya, ba waya, ko sallama aka yi ba mai amsawa.

A unguwa kuwa sunanmu ya gama ɓaci ba mu sani ba. Samari biyar, ba mai fita da safe, ba mai dawowa da yamma a gajiye, amma ga nama kullum. Ni ban damu ba sai da na aika neman auren wata malamar firamare 'yar Lajawa, wadda nake so kamar in yi hauka. Danginta suka turo bincike kamar yadda aka saba. Mai shayin bakin layi ya ce musu ni yaron kirki ne, ba na wasa da salla, amma aiki kam zaman kashe wando nake yi. Ta kira ni, ta ce kawunta, wanda shi ne waliyyinta, ya rantse ba zai ba da ita ga mutumin da ba a san inda yake fita nema ba. Tsoro ya kama ni sosai, don na san dattijon ba ya magana biyu.

Ranar wata Juma'a da hantsi ina mitin da shugabata, faifai na rataye, sama na sa kaftani mai guga, ƙasa kuwa tsohon wandon ƙwallo ne. Sai na ji sallama daga zaure. Abokaina ko gezau. Aka sake yi, sai na gane muryar. Kawun ne, ya shigo cin kasuwa ya biyo ya gani da idonsa. Na san idan ya yi ta uku bai ji amsa ba juyawa zai yi, ya tafi da labarin gidan da ake jin motsin mutane a ciki amma ba a amsa sallama. Shugabata tana tsakiyar bayani na ɗaga murya iya ƙarfina.

"Wa alaikumus salam! Bismillah, Kawu, shigo!"

Yana shigowa na zame daga kujera na durƙusa, ina jan kaftani don ya rufe mini gwiwa. A Lisbon sai suka ga mutum ya ɓace. Shugabata ta ɗauka faɗuwa na yi, tana ta kiran sunana, ni kuwa ina ƙasa ana ina kwana, ina gajiya, ya damina, ya mutanen gida. Ba a katse gaisuwar suruki, ko da kamfani zai rushe.

Kawu ya leƙa kwamfutar ya ga mai maganar, ya tambayi ko wace ce. Na ce ita nake yi wa aiki. Sai ya gyara hula, ya zauna a kujerata, ya soma gaishe ta tun daga farko, ni ina fassara daga ƙasa. 'Yan gidanta suka taru a bayanta suna ɗaga hannu. Ya tambayi maigidanta da yara, ta ce babu. Ya tambayi na bayan nan, ta ce su ma duk babu, zama kawai suke tare suna aiki. Kawu ya dube su cike da tausayi.

"Ikon Allah. Ashe su ma can gidan gwauraye ne."

Ɗan Filato ya toshe baki ya ruga kicin, muna jin dariyarsa tana fita ta hanci. Kafin ya tashi, Kawu ya sa na tambaye ta ko ina da ƙwazo. Ta yabe ni, ni kuma na fassara har da ƙari. A zaure yana sa takalmi ya ce aiki kam ya gani, ya ba ni ita, amma ba a kai amarya gidan gwauraye, in nemi nawa. Ya ƙara da cewa in nemi wando ma. Yana fita muka yi ta tsalle a tsakar gida kamar yara, ba wanda ya tuna da faifai.

Bayan biki na koma wani ɗan gida kusa da hanyar Dagumawa. Ina cikin farin ciki, amma kewar falon nan ta dame ni. Wata safiya na je gaishe su, na tarar da faifai a rataye. Na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. Doka ce da na sa hannu aka kafa, amma yau a kaina ta faɗo, don yanzu ni baƙo ne a gidan. Na juya zan tafi ke nan, sai muryar ɗan Filato ta taso daga ciki, a tsakiyar mitin ɗinsa, har maƙwabta suna ji.

"Wa alaikumus salam! Shigo mana, ango, gwate na kan wuta."