Fitilar da Ta Riga Ɗana Shiga Rijiya

Mun tashi da asuba daga Roni mu uku: ni, da ƙanwata, da matar ɗana mai cikin fari. Shi ɗan nawa yana Kazaure, wata biyar ke nan da shigarsa aikin kwana-kwana, masu kashe gobara, kuma ran nan za a gwada su ceto a rijiya. Mahaifinsa mahaƙin rijiya ne. Iskar tsohuwar rijiya ce ta kashe shi, ranar da ya yi gaggawa bai fara zura fitila ya gwada iskar ba. Don haka na ƙudura a raina, in yaron nan ya sa ƙafa babu fitila, a gaban kowa zan ja hannunsa mu koma gona.

Akori-kura muka hau, tsakanin buhunan gyaɗa da awaki. Direban har yau bai gama yarda an koma tuƙin hannun dama ba, sai da na yi masa magana sau biyu. A tasha muka sayi ƙosai, wanda tun zuwan naira yake ta ƙanƙancewa.

Muka tarar da filin gwajin a Kazaure ya cika maƙil. Jar motar kashe gobara sai sheƙi take, ana kaɗa ƙararrawa. 'Yan kwana-kwanan suka cinna wa wata bukka wuta, kafin in gyara mayafi sun warware mesa, ruwa ya tashi ya fi rimi tsawo. Tsofaffi na ta tafi kamar yara. Ni ma ba zan ɓoye ba, na rangaɗa guɗa.

Sai aka zo kan rijiya. Babbansu, wani mutumin kudu mai Hausa kamar Bakano, ya ce an jefa buhun yashi ciki, shi ne mutum, a fito da shi. Ya harɗe hannu yana kallo. Biyun farko suka ɗaura igiya suka nufi bakin rijiyar a guje, ya busa usur ya mayar da su gefe. Aka kira nawa. Ya ɗaura igiya, ya ɗora ƙafa a kan dakali. Na miƙe, har na tattare zane.

Sai ya tsaya, ya juyo.

"Ranka ya daɗe, a ba ni fitila tukuna."

Ashe an ɓoye ta bayan mota. Aka zura ta, ba ta kai ƙasa ba ta mutu. Suka yi ta zura rassan ganye suna jawowa har iskar ta sake, fitila ta sauka da wutarta, sannan ya shiga ya fito da buhun.

Babban ya ce duka ya koya musu gwajin fitila, yaya aka yi shi kaɗai ya riƙe? Ɗana ya nuno ni.

"Inna ce take faɗa tun ina goye."

Da la'asar sakaliya muka iso gida. Na gane a aikin nan mai rawar kai ake mayarwa gefe, hankalina ya kwanta. Washegari na ciro fitilar mahaifinsa daga ƙarƙashin gado, na goge ƙwan, na sa sabon lagwani, na ba direban nan ya kai masa.