Ranar da Na Gyara wa Iya Tatsuniya

A ƙauyenmu, can tsakanin Rogo da Karaye, ba a tatsuniya sai an kai amfanin gona gida. Da an ci tuwon magariba, Iya, mahaifiyar babanmu, takan tura kara a murhu, ta zube mana gyaɗa a faifai mu yi ta ɓara. Mu Kirista ne, gidaje kaɗan, amma 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ma a gindin wutar nan suke zama. Ni can baya nake raɓewa, ba na magana. Sai dai duk abin da Iya ta faɗa, da safe nakan rubuta shi a tsohon littafin makaranta, har da yawan awakin da ke cikin labari.

Shekarar da nake aji shida, babanmu da yayansa, Baffa Ishaya, suka ɓata a kan iyakar gonar gado. Layin gamba ne guda, kowa na cewa an matso da shi cikin nasa. Suka daina gaisawa. Baffa ya bar zuwa coci don kada su haɗa benci. Iya kuwa ba ta da bakin yi masa faɗa, domin shi ne ɗanta na fari. Ko sunansa ba ta kamawa, ba ta haɗa ido da shi.

Wata yamma Baffa ya shigo ɗaukar mangalarsa, babanmu na zaune a gindin rumbu yana tufkar igiya. Da Iya ta gan su su biyu a tsakar gida ɗaya, sai ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga tatsuniya nan tafe, yara, ku matsa mata ta zauna."

Wai wani mutum ne ubansa ya tura shi gona mai nisa. Ya ce masa, "Ka kafa bukka ka yi damina ɗaya. Ina gina maka ɗaki a gida, in an gama girbi zan aiko da jaki." Mutumin ya kafa bukka. Sai ya ga ƙasa na damunsa, ya yi mata daɓe mai sulɓi. Ya kewaye ta da shinge, duk wanda ya taka kusa sai an ji kansu. Ranar da jaki ya iso, mutumin ya ce wa ɗan aike ya jira shi ya ɗauko daɓensa. Ya sa fartanya yana haƙa, daɓe na farfashewa a hannunsa.

"Ku, kun taɓa ganin an ɗora daɓe a bayan jaki?"

"A'a, Iya!"

"To, shi wannan bawan Allah bai sani ba. Yana ta haƙa har rana ta yi ja, ɗan aike ya gaji ya juya. Uban na tsaye a ƙofar gida, an share ɗaki, an shimfiɗa tabarma. Ga jaki ya dawo, ba kowa a kai."

Baffa bai fita ba. Ya sauke mangalar, ya zauna a kan turmi. Babanmu ya ajiye igiya. Na ga Baffa ya juya wajensa kamar zai yi magana.

A nan ne ni, da ban taɓa buɗe baki a taro ba, na kasa haƙuri, na yi magana.

"Iya, ba haka ba ne. Bara kin ce ya hau jakin ya tafi gida. Kuma mace ce, ba namiji ba. Na rubuta."

Yara suka fashe da dariya. Baffa ya fi kowa ƙarfin dariya, irin ta wanda aka kwance wa ɗauri.

"Kun ji 'yar boko! Ashe tatsuniyar ma sai an auna mutum ake ɗinka masa ita." Ya saɓa mangalarsa ya fita.

Iya ba ta yi mini faɗa ba. Ta daɗe tana tona toka da tsinke.

"Gaskiyarki, Hannatu. Bara ba wanda yake bukatar a bar shi a daji. Ci gaba da ɓararki."

Baffa bai sake zama a tsakar gidanmu ba. Bayan shekara huɗu ya kwanta ciwo na kwana uku a tsakiyar damina, ya rasu, ba su gaisa da babanmu ba. Iya ta bi shi ba da daɗewa ba.

Yanzu ina jami'a a Kano, kuma har yau ba na iya barin kuskure ya wuce a takarda. Ban ce ni na raba su ba. Manya ne, sun san hanyar gidan juna. Amma na daɗe kafin na gane abin da tsohuwar nan take yi. Ita ta yarda da gaske cewa damina ɗaya muka zo yi a duniya, akwai gida a gaba, kuma a ranar tana ƙoƙarin ɗora ɗanta a hanya da abin da ya rage mata na magana. Ni kuma ina lura da ko mace ce ko namiji.

Da na je hutun Kirsimeti, babanmu ya jagoranci addu'ar safe. Ya tsufa, muryarsa na rawa. Ya roƙi lafiya, ya roƙi zaman lafiya da maƙwabta. Can ya ce, "Ya Ubangiji, in na iso, ka bar ni ni in fara gaishe da yayana."

Kowa ya ce amin. Ni na kasa.