Malam Wataƙila da Maɓallan Yaya

Mijin yayata malamin lissafi ne a kwalejin da ke ƙarshen layinmu, kuma ɗalibai ne suka laƙaba masa suna Malam Wataƙila. Sunan ya bi shi har gida. Ka tambaye shi ko za a yi ruwa, ko motar ma'aikata za ta zo da wuri, ba zai ce maka e ko a'a ba, sai ya ɗaga gira ya kawo maka kashi kaza cikin ɗari. Ni kam tun ina yarinya nake tsokanarsa. Na taɓa tambayarsa ko yana son Yaya, ya ce kashi casa'in da tara, ragowar ɗayan ya riƙe ne saboda ranar da ta ƙona masa riga da dutsen guga.

Lissafin yiwuwa da ƙididdiga yake koyar da 'yan shekarar farko, darasin da kowa ke shiga da fargaba ya fito da ciwon kai. Ba ya yarda da tambayoyin cikin littafi, wai duk ƙwallaye ne ja da shuɗi a cikin jakar da ba wanda ya taɓa gani. Nasa yake ƙirƙira. Duk mako zai zo shagona da ke bakin ƙofar kwalejin, inda nake buga rubutu da fotokwafi, ya ja kujera ya zauna a bayana yana faɗa ina bugawa. Tambayoyin atisayensa daga layinmu yake tsinto su: batiran mai gyaran waya, guda nawa ne matattu a cikin kwali, tsawon ɗaliban aji, sau nawa wuta ke ɗaukewa a wata. Mutum ne mai haƙuri, alli har a gashin girarsa, bai taɓa ɗaga wa ɗalibi murya ba.

Akwai tambaya ɗaya da yake ji da ita, duk shekara sai ta fito. A cikin mutum dubu, goma ne ke da wata cuta. Gwajin asibiti yana kama duka goman, amma yana kuma yi wa kusan hamsin masu lafiya ƙarya, ya ce suna da ita. An zaɓi mutum ɗaya ido rufe, gwaji ya ce yana da cutar. Mene ne yiwuwar da gaske yana da ita? Ɗalibai sai su yi caraf su ce ai ta tabbata. Shi kuma ya yi murmushi ya nuna musu cewa goma ne cikin sittin, wato ɗaya cikin shida. Yakan ce wannan tambayar ta kori tsoro daga zukatan mutane fiye da kowane magani.

Yaya tela ce. Kekenta na ɗinki yana jikin tagar falonsu, ƙyallaye ko'ina, allura kullum a bakinta. Ba ta tsoron kowa, amma tana tsoron asibiti kamar me, kuma da dalilinta. A gadon asibiti mahaifiyarmu ta rasu da ciwon daji na mama, Yaya ce ta yi jinyarta har ƙarshe.

Wata rana tana wanka ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu. Da ƙyar na ja ta zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Suka ɗauki hoto, suka ce ba su gamsu da abin da suka gani ba, ta je babban asibiti a ɗebi ɗan naman wurin a gwada. Muka dawo gida, ta zauna a gaban keke ta kasa ko zura zare.

Malam ya karanta takardar asibitin a tsanake, ya cire gilashi. Sai ya miƙa hannu ya ɗauko gwangwanin maɓallanta ya juye a kan tebur.

"Tela, share hawayenki ki zo ki ga wani abu," in ji shi. Haka yake kiranta.

Ya ƙirga fararen maɓallai hamsin da baƙaƙe goma, ya mayar da su cikin gwangwanin ya girgiza.

"Duk waɗannan mata ne da hoto ya ce musu akwai matsala. Baƙaƙen ne kawai masu ciwon. Rufe ido ki ɗauki ɗaya."

Ta ɗauko fari. Ta sake, fari. Ta sake, fari. Yaya ta fashe da dariya hawaye na zuba.

"To Malam, ba sai an yanka ni ba ke nan?"

"Za a je, amma ba gudu ake ba. Bari mu gama jarrabawa, in kai ki da kaina."

Na ce, "Yaya, maɓalli fa ba likita ba ne."

Ya ce, "Ke dai tsaya a bugun rubutunki, ƙanwata. Lissafi ba ya son kowa, ba ya ƙin kowa."

Wallahi ba mugunta ba ce. Ya ga matarsa tana kuka, ya ɗauko abin da ya fi iyawa a duniya ya rarrashe ta da shi. Abin da ke ƙona min rai ke nan har gobe, don da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Aka gama jarrabawa, sai duba takardu. Aka gama wannan, sai Yaya ta karɓi ɗinkin kayan makaranta. Duk lokacin da na tayar da maganar sai ta ce, "Malam ya lissafa, ɗaya cikin shida ne." Na yi faɗa, na yi roƙo, na yi fushi na ƙaurace wa gidan, duk a banza. Ta sami abin da take son ji, kuma daga bakin mutumin da bai taɓa yi mata ƙarya ba. Wata da watanni suka shige. Ta fara ɗaga hannun hagu da ƙyar, ta ce nauyin almakashi ne.

Sabbin ɗalibai suka shigo, lokacin tambayar nan ya zagayo. Malam yana zaune a bayana kamar kullum yana faɗa ina bugawa.

"A cikin mutum dubu, goma ne ke da cutar. An zaɓi mutum ɗaya ido rufe..."

A nan ya tsaya. Na jira, yatsuna a kan madannai. Da na ji bai ci gaba ba na waiwaya, na ga bakinsa a buɗe, goshinsa ya jiƙe da gumi.

"Malam, lafiya?"

"Ba ido rufe aka zaɓe ta ba," ya ce a hankali, kamar ba da ni yake ba. "Lissafin nan na mutanen da ba sa jin komai ne, aka tare su a hanya aka gwada. Ita da ƙullutunta ta je. Ga ciwon da ya kashe mahaifiyarku kuma. Ba ta cikin dubun nan ko kaɗan. Na zuba ta a gwangwanin da ba nata ba."

Ya tashi ya fita da gudu, ya bar jakarsa da gilashinsa a kan injin fotokwafi. Kuskuren da yake cire wa ɗalibai maki a kansa duk shekara, shi ya tafka a cikin falonsa.

Washegari muka kai ta babban asibiti. Bayan gwaje-gwaje aka kira mu wani ɗan ofis mai fanka ɗaya. Likitar, wata dattijuwa da gajiya ta cika wa fuska, ta ce ciwon ya bazu zuwa hamata da ƙashin baya, abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa mata zafi. Sai ta dubi kwanan watan da ke kan takardar farko, ta dubi Yaya.

"Baiwar Allah, me ya zaunar da ke duk tsawon lokacin nan?"

Malam ya buɗe baki. Yaya ta riga shi.

"Ni ce na ƙi zuwa, likita. Mijina ya yi ta fama da ni, taurin kai ne da ni."

Ta ɗora hannunta mai lafiya a kan gwiwarsa ta danne. A hanyar fita ya fara cewa wani abu, ta ce ya riƙe mata jaka, kafaɗarta ta gaji. A gida kuma ta maimaita wa dangi maganar da ta faɗa wa likita, ta kalle ni ido cikin ido har na sunkuyar da kai.

Ba ta kai ƙarshen zangon karatun ba.

Masu ta'aziyya suka cika falon, an ture keken ɗinkin gefe an rufe shi da zani. Goggonmu tana sharar hawaye tana cewa Allah ya jiƙanta, amma ita ma da ta ji maganar mijinta da ba a kai ga haka ba. Kowa ya gyaɗa kai. Malam ya ce, "Ba haka aka yi ba, Goggo. Ni ne na ce ta jira." Goggo ta ce Allah sarki, ku ji mutumin kirki, har yanzu rufa mata asiri yake. Ya sake faɗa wa abokan aikinsa, har ya fara yi musu bayanin lissafin, suka dafa kafaɗarsa suka ce kada ya ɗora wa kansa. Ya juyo ya kalle ni, ni kaɗai da na ga abin da ya faru, yana roƙona da ido in gaskata shi a gaban mutane.

Ban yafe masa ba, kuma na kasa ƙinsa. Amma Yaya ta riga ta zaɓi abin da za a faɗa, ba ni zan ƙaryata ta ba tana kabari. Na ɗauki faranti na shiga kicin na bar shi a tsakiyar masu yabonsa.