Rijiyar da Ke Ƙarƙashin Katanga

A lungun da ke kusa da layin dogo, inda Fagge ke gogayya da Sabon Gari har mutum ya rasa ina ce iyaka, in ka tambayi gidan Biriskila ba lallai ne a gane ba. Ka ce gidan Maman Linda mai kunu, yanzu a nuna maka ƙofa. 'Yar wajen Zariya ce, aure ya kawo ta Kano lokacin da mijinta Zacchaeus, wanda unguwa ta mayar Malam Zakka, yake aiki a tashar jirgin ƙasa. Da ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu, Linda da Obadiah, da gida mai ɗaki uku, da rabin rijiya.

Rabin rijiya ɗin ba kuskuren baki ba ne. Asali gida ɗaya ne babba, magada suka raba suka sayar, aka rasa wanda zai haƙura ya bar wa ɗan'uwansa rijiyar. Sai magini ya gitta ƙarfe a kan bakinta, ya ɗora katanga, ya bar wata 'yar kafa a ƙasa wadda hannu riƙe da kofi zai iya wucewa. Rabin baki ya faɗo a tsakar gidan Biriskila, ɗaya rabin a tsakar gidan Hajiya Jawahir, wata dattijuwa da kakanninta suka zo daga Barno da fatauci suka zauna. Gidajen sun ba juna baya, in ta ƙofa za ka bi sai ka zagaye lungu guda. Saboda haka yawancin zumuncin matan nan biyu ta bakin rijiya aka yi shi.

Da sassafe, Hajiya ta idar da salla, Biriskila ta gama addu'arta, sai gugansu su haɗu a cikin ruwa. A nan ake gaisawa, a nan ake jin wanda ya haihu da wanda ya sa rigima. Kafin Biriskila ta ɗauki kular kununta zuwa bakin kasuwar Sabon Gari, sai ta cika wani kofin silba ta miƙa ta kafar nan, ta ce, "Yaya, ga naki." Da yamma ta tarar da kofin a wanke a inda ta ajiye shi. Shekara da shekaru haka ake yi.

Kunun zaƙi kuwa rabinsa ruwa ne. Da ruwa za a jiƙa gero, da shi za a tace, da shi za a dama. Biriskila ba mai yawan alfahari ba ce, amma a kan wannan ba ta da kunya: takan ce tun da ta fara sana'a ba a taɓa cewa kununta ya ɓata wa wani ciki ba, kuma sirrin yana cikin rijiyar. Famfon lungun ya daɗe da zama abin rataye tsumma. Da rijiyar ta ciyar da marayunta har Linda ta zama ma'aikaciyar jinya, Obadiah kuma ya buɗe shagon gyaran janareto a zauren gidan.

Daga shagon nan matsalar ta taso. Duk janareton da aka kawo sai an juye masa tsohon mai, baƙi ƙirin. Da farko a kwata Obadiah yake zubarwa, maƙwabta suka yi ƙorafi, sai ya haƙa rami a kusurwar tsakar gida bayan kicin, ya riƙa juyewa a ciki yana rufewa da kwano. Biriskila ta gani, har ta yaba masa da tsafta. Ko kaɗan ba ta kawo a ranta cewa ramin da rijiyar ƙasa ɗaya suke kwance a ciki ba.

Da damina ta kankama, wata safiya ta janyo guga ta ga wani abu mai ƙyalli yana yawo a saman ruwan, kala-kala. Ta kai hanci. Warin shagon ɗanta ne, ba ta buƙatar a gaya mata. Ta ajiye gugan, ta zauna a kan turmi.

A ranar ta hana Obadiah zuba mai a ramin, amma wanda ya shiga ƙasa ya riga ya shiga. Ta kira 'yan ga-ruwa, masu turo jarkoki a kura daga rijiyar burtsatse, ta koma dama kununta da ruwan saye. Zuwa nan duk ta yi daidai. Abin da ya rage shi ne ta leƙa ta kafar nan ta ce wa Hajiya kada su sha. A nan bakinta ya yi nauyi.

Ta san dalilinta, kuma ta san ba dalili ba ne mai kyau. Hambali, babban ɗan Hajiya, ya daɗe yana cewa a cike rijiyar, wai tsohon yayi ce, wai matattarar sauro ce, kuma kullum uwarsa ce ke taka masa birki. In ya ji an ce mai ya shiga ruwan, ya samu abin da yake nema. Ga kuma kunya. Obadiah ɗin nan a bayan Hajiya ya yi barcin yarinta, yanzu a ce shi ya lalata mata ruwan sha? Sai Biriskila ta ce wa kanta bari a ƙara ruwan sama biyu, wataƙila ya wanke.

Don kada Hajiya ta tambayi dalilin da ya sa ta daina ɗiba, sai ta ci gaba da jefa guga kowace safiya, ta janyo, ta gaisa, ta je ta watsa ruwan a tsakar gida. Wannan wayo ne irin wanda mai shi kaɗai yake cuta, domin kowace safiya ita ma tana jin gugan Hajiya yana faɗawa, tana jin ana juye ruwan a bokiti. Tsohuwa ce mai hawan jini, ga surukarta Surayya da juna biyu. Duk ƙarar gugan nan sai ta ji ta har cikin ƙirjinta. Ta rame, ta daina yi wa masu sayen kunu barkwancin da suka saba.

Sau ɗaya ta gwada bi ta gefe. Ta tambayi Hajiya ko suna tafasa ruwa kuwa, tunda damina ce. Hajiya ta ce suna yi, ta kuma ce wa Biriskila ita ma ta riƙa tafasa nata sosai, sosai fa. Biriskila ta koma ɗaki ba ta samu sauƙi ba, don ta taɓa ji a bakin Linda cewa tafasawa ba ta fitar da mai.

Ana nan sai wata safiya gugan Hajiya bai faɗo ba. Biriskila ta yi sallama ta kafar, shiru. Ta ajiye kofin kunu, ta yi ta kai-kawo, har rana ta ɗaga yana nan ba a taɓa ba. Can Surayya ta amsa daga bayan katanga, ta ce Hajiya tana kwance tun jiya, jiki ya yi zafi, har da amai.

Biriskila ba ta san lokacin da ta yafa gyale ba. Ta bar kular kunu a buɗe, ta zagaya lungun tana tsallake taɓo, tana faɗa wa kanta cewa in wani abu ya sami matar nan ita ce sila, ba Obadiah ba, don shi bai sani ba, ita ta sani.

Ta tarar da Hajiya a kan katifa, an lulluɓe ta da bargo. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba ta durƙusa.

"Yaya, ki yafe mini. Ruwan rijiyar nan ba shi da kyau. Baƙin man Obadiah ne ya shiga, na sani tun farkon damina na yi shiru. Shi kika sha ya kwantar da ke."

Hajiya ta dube ta. Sannan ta ce zazzaɓin sauro ne, an gwada jini jiya, har an yi mata allura. Ta ɗaga hannu ta nuna bayan ƙofa, ta ce wa Biriskila ta yaye tsohon zanen da ke wurin. Biriskila ta yaye. Jarkokin 'yan ga-ruwa ne a jere.

"Rabona da kai ruwan nan bakina tun farkon damina," in ji Hajiya. "Ba ni ba, ba Surayya ba."

Biriskila ta zauna daɓas a ƙasa. Wani sanyi ya ratsa ta tun daga ka har tafin ƙafa, hawaye suka zubo, ta yi ta cewa ta gode wa Allah. Sai da ta nutsu ta tambaya, to gugan da take ji kullum fa?

Hajiya ta ja bargo ta rufe rabin fuska. Ashe da Hambali zai yi aure ya gina wa amarya banɗaki, aka haƙa masa shadda a kusa da rijiyar daga nasu ɓangaren. Ta yi magana a lokacin, aka ce mata an sa siminti. Da ruwa ya canza wari ta tabbata shaddar ce ta yoyo. Kunya ta hana ta gaya wa maƙwabciyar da ke cin abinci da ruwan nan cewa ƙazantar gidanta ce ta shiga, kuma ita ma tana tsoron a cike rijiyar. Sai ta riƙa jefa guga don kada Maman Linda ta yi zargi. Watanni ke nan mata biyu masu furfura suna tashi da sassafe suna jan ruwan da ba mai sha, kowacce don ta rufe wa 'yar'uwarta ido.

Biriskila ta fara dariya, sai kuma ta tsaya.

"To kunun da nake miƙo miki?"

Hajiya ta ce a gindin bishiyar lemo take juyewa, ta wanke kofin ta mayar.

"Kununa? Wanda na dama da ruwan saye?"

Suka yi dariya har Hajiya ta kama tari, Surayya ta leƙo ta ga ko lafiya. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kowacce ta gane abin da ta yi. Biriskila ta bar tsohuwa da mai ciki a kan ruwan da ta san ya ɓaci. Hajiya kuma ta yi zaton da ruwan shadda ake dama kunun da ake kai wa mutane kasuwa, ta kasa buɗe baki. Hajiya ta ce kullum da niyyar faɗa take fitowa, in ta ji gaisuwar Maman Linda sai ta ce gobe. Allah ne kawai ya tsare, ba dabararsu ba, kuma dukansu sun faɗi hakan a fili.

Da Hajiya ta warware aka kira 'ya'yan. Hambali, kamar yadda aka zata, ya ce ai ga shi nan, a cike ta kowa ya huta. Uwarsa ta ce ramuka biyu ne za a cike, kuma rijiyar ba ta cikinsu. Linda ta ɗebi ruwan a kwalba ta kai ɗakin gwaji, sakamako ya nuna akwai mai, akwai kuma ƙazantar shadda, don haka babu wanda ya samu bakin yi wa wani gori. Hambali ya sa aka kwashe shaddar aka cike, aka haƙa wata can wajen ƙofar gida. Obadiah ya yi kwanaki yana haƙe baƙar ƙasar bayan kicin, uwarsa na tsaye a kansa, duk lokacin da ya ce ya isa sai ta ce ya ƙara. Ya samo duro yana tara man a ciki, kafintoci suna zuwa suna ɗiba don shafa wa katakon rufi saboda gara.

Rijiyar ba ta warke da wuri ba. Masu yasar rijiya suka shiga suka kwashe ruwa da laka, ta sake tarawa, aka sake kwashewa. Rani ya wuce ana wanki kawai da ita. Surayya ta haihu, aka yi suna da ruwan jarka. Biriskila ta ci gaba da sayen ruwa tana mita, amma ta mayar da ƙibarta, masu sayen kunu kuma suka ce Maman Linda ta dawo. Wani sabon abu ya shiga gaisuwar safe: duk wadda ta fara janyo guga sai ta sansana, ta faɗa wa ɗayar abin da hancinta ya ji, ko da daɗi ko ba daɗi.

Sai da wata daminar ta zo ta wuce Linda ta dawo da sakamakon da ake jira. Ta ce ruwan ya yi kyau, a dai riƙa tafasawa, a kuma riƙa rufe bakin rijiyar. Washegari Biriskila ta dama kunu da shi, karon farko tun ranar da ta ga ƙyallin nan. Ta cika kofin silba ta zura hannu ta kafar. Da ta ji yatsun Hajiya sun kama, sai ta ƙi saki.

"A nan za ki sha, Yaya, ina ji. Bishiyar lemo ta sha rabonta."

Ta ji tsohuwar tana nishi tana neman yadda za ta tsuguna da gwiwoyinta masu ciwo. Sannan ta saki kofin. Daga bayan katanga aka kurɓa da ƙarfi, da gangan, aka sake kurɓa, har ƙarar ta nuna an kai ƙasan kofi. Kofin ya dawo ta kafar ba a wanke ba.

"Citta ta yi yawa," in ji Hajiya. "Ƙaro mini."