Shekarar da Aka Ƙi Buɗe Mini Rumbu

Har yau idan na ji wani yana cewa fari ne ya kashe yara a shekarar nan ta mulkin soja, sai raina ya ɓaci. Fari an yi shi, ban musa ba, hatsi ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Amma ɗana da hatsi a gidansu ya rame.

Ina amarya ta 'yan shekaru a wani ƙauye kusa da Korgom, cikin gidan surukina. Al'adarmu ita ce, da an gama girbi maigida zai ba kowace mace ɗan rabonta, sannan ya ɗaure bakin rumbun gandu. Ba a sake taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka, don masu noma su sami abin da za su riƙe hauya da shi. Duk tsawon rani mace ce za ta ci da 'ya'yanta daga gamanarta, ɗan filin da aka yanka mata. A shekarar kirki ana lallaɓawa. A shekarar nan gamanata ko dami ɗaya ba ta ba ni ba, rumbun kuwa yana da sauran hatsin bara.

Mijina ya tafi cin rani Nijeriya, aka rufe iyaka, labarinsa ya ɗauke. Ga ciki ya shige ni, sai tsofaffin gidan suka ce nonona ya ɓaci, a yaye yaron nan take. Aka yaye shi a kan kunun dusa da tafasa. Babba ma da ƙyar yake haɗiye su.

Ɗan fari ne, kuma wannan ne ya ɗaure ni. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban surukai. Ina kallon gashinsa ya koma ja kamar gashin masara, ƙafafunsa sun kumbura, in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa, amma wai kunya ta ce in yi shiru. Uwar mijina har cewa ta yi, "Ke dubi, ƙiba ya kai." Ƙiba!

Na goya shi zuwa likita, wato asibiti, a Tasawa. Lokotoron ya dudduba shi, ya ce tamowa ce, ciwon yunwa. Ya ce in dama masa kunun hatsi da garin wake da ɗan ƙuli, in ƙara ƙwai idan da hali. Mutumin kirki ne, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ya faɗa wa wadda ba ta da ikon ɗibar ko tafi ɗaya.

Da motar sojoji ta kawo jar dawa ta agaji, na ce to, Allah ya kawo sauƙi. Ashe magidanta ake kira su karɓa. Surukina ya karɓo, ya fitar da kaɗan aka yi tuwo, maza suka fara ci kamar kullum, sauran ya bi hatsin bara cikin rumbu. Wanda ya tsara rabon nan a birni bai taɓa tambayar wa ke ba yaro abinci a gida ba.

Ranar da yaron ya daina ko kuka, na ajiye kunya. Na sami surukina a zaure da hantsi, na durƙusa.

"Baba, a taimake ni da hatsi ko kwanon tiya guda. Yaron ga ba shi da lahiya."

Sai ya ce, "Ɗiyata, in na buɗe miki yau, gobe kowace mace ta taho da nata. In ruwa ya sauka, mi za mu noma da shi? Tun kakanni haka munka iske. Ki yi haƙuri, Allah na nan."

Ba mugu ba ne, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Da mugu ne da na zage shi na huta. Shi ma ya rame, riga tana yawo a jikinsa. Yana tsaron abincin manoman baɗi ne, alhali jikansa yana ƙarewa taku kaɗan daga gindin rumbun. Na koma ɗaki cike da haushi.

Yaron bai kai damina ba. Da safe ya cika, a cinyata, ba ko motsi. Aka ce kada in yi kuka da ƙarfi, ɗan fari ne, mutane za su ji.

Ranar sadakar uku na ji ana kiran a kawo tsani. Na leƙo, sai ga surukina da kansa yana kwance igiyar bakin rumbu. Ba a barin masu gaisuwa su tashi ba gumba, abin kunya ne ga gida. Aka sauko da damma, zangarniya masu kyau, ƙwaya cike. Mata suka sussuka, suka daka, aka zuba zuma kaɗan da wata maƙwabciya ta kawo.

Uwar mijina ta shigo da dunƙule guda a ƙoƙo, ta ajiye a gabana.

"Ci, ɗiyata," in ji ta. "Sadakatai ce, ta yaron."