Tsohon Direba a Bakin Titi

Tun yana saurayi har furfura ta cinye masa gemu, Direba bai san ƙafa tana da wani aiki ba bayan taka birki da totur. Ko shagon bakin layi zai je, sai ya tada mota. Matarsa kuwa ƙafarta ce motarta. In ya wuce ta a hanya sai ya danna mata hon, ya leƙo ya ce, "Akwala mai taya biyu, a ba manya hanya."

Da idonsa ya yi rauni, mai mota ya karɓe makulli. Direba ya koma kujerar tsakar gida, tumbi ya yi gaba, ciwon suga ya shigo ba sallama. Wata safiya ya taka ƙusa bai ji ba, sai matarsa ce ta ga jini a tabarma.

Likita ya lallatsa yatsun ƙafar, ya ce, "Baba, jini ba ya isowa nan sosai. Raunin ƙusar nan na warkewa, kullum ka yi tafiya har ka yi gumi. In ka ƙi, wata rana da zarto za mu gaisa."

Zarton nan ya biyo shi har gida.

Layinsu guntu ne, rabinsa kwata. Filin da tsofaffi ke zagayawa yana tsallaken babban titi. Da raunin ya warke, Direba ya ɗaura takalmi ya fita, ya isa bakin kwalta, ya ƙame. Ga tirela tafe, daga hucinta ya san birkinta na zubar da iska. Ga mai bas da waya a kunne. Ga wani yana gyangyaɗi a kan sitiyari, irin gyangyaɗin da shi ma ya sha yi. Ya tuna yadda mai tafiya a ƙasa yake zama ɗan mitsitsi in kana can sama.

Ya juya. A famfon bakin layi ya jiƙa goshi da wuyan riga, ya shiga gida yana haki. Haka ya dinga yi, har ranar da ya taɓa babban yatsan ƙafarsa ya ji shi sanyi ƙalau kamar ba nasa ba. Ya zauna riƙe da ƙafar.

Matarsa ta tsaya a kansa. "Malam, ni dai ban taɓa ganin gumin da ke tsallake hammata ba."

"Ba ki san mutanen nan ba. Ni na san su. Kashe ni za su yi."

"Shekara nawa ina tsallake irinku? Tashi."

A bakin titi ta miƙa masa gefen mayafinta. Ya damƙe shi da hannu biyu.

"Waccan ba ta da birki," ya ce.

"To, bar ta ta wuce. Kada ka saurari inji, ƙafata za ka kalla."

Ta taka, ya taka. Iskar wata mota ta kaɗa masa riga, amma bai saki ba. Da suka hau yashin tsallake, ta shafa bayan rigarsa, ta duba tafinta.

"Wannan dai ba na famfo ba ne. Mu je, akwala, fili na can gaba."