Tsagar da Iya Ta Yi wa Sabulu

Har yanzu idan mota ta rage gudu a bayana sai in tsaya cak. Ko jiya haka ta faru a bakin babbar kasuwa, na dafa teburin wata mai kifi na kasa motsi, har ta ba ni kujerarta tana tambaya ko zazzaɓi nake. Mutane suna zaton ranar hanyar Bibemi ce kaɗai ke dawo mini. Tana dawowa, ba na musu. Amma abin da ya fi yawan zuwa shi ne wutar Iya, da muryarta, da gardamar mota da ake yi a bayanmu.

Iya ita ce mahaifiyar Baba. Kakanta ne ya zo Garwa fatauci daga wajen Katsina, ya ga kogi ya zauna. Ita ce ta ƙarshe a gidanmu mai tsagar gado, wasu siraran layuka a kumatu da tsufa ya tura cikin tamoji, sai ka matso kusa kake ganinsu. Mu ba a yi mana ba, Baba ya ce zamanin ya wuce. Bayan sallar isha'i takan jawo garwashi daga murhu zuwa ƙofar ɗakinta, ta binne dankali a toka, mu zagaye ta. Ni ina ƙarama lokacin, ban ma shiga lise ba, wato sakandare. Yayana Habibu kuwa ya fara gemu, yana ganin ya fi ƙarfin tatsuniya, amma dankalin bai taɓa fin ƙarfinsa ba.

Baba direba ne, tsakanin Garwa da Marwa. Motarsa tsohuwar ƙira ce, a gida muna ce mata Mai Kafaɗa, saboda yadda take a miƙe kusurwa-kusurwa, da fitilu kewayayyu kamar idon saniya. A tsakar gida take kwana. Kusan kullum Malam Pol makanike, wani Kirista mutumin Kaele da suka daɗe tare da Baba, yakan zo shan shayi, su jingina da ita suna hira.

A shekarar da nake magana kamfanin da ya ƙera motar Baba ya fito da sabuwar ƙira, Habibu ya samo hotonta a wata mujallar Faransanci, ya yage shafin yana yawo da shi a aljihu. Daga nan gidanmu bai sake samun lafiya ba. Baba ya riƙe hoton nesa da fuskarsa ya ce wannan ai sabulun da aka yi rabin wanka da shi ne, ba kafaɗa ba ƙirji, ga idanu a karkace kamar magen da ke shirin satar nama. Sunan ya bi ta, har Habibu ma Sabulu yake ce mata. Shi kuma ya ce Mai Kafaɗa akwatin ƙarfe ce da aka sa wa ƙafafu, iska dukanta take yi, sabuwar kuwa iska zamewa take a jikinta, ba ta shan mai. Malam Pol ba ya son ɓata wa kowa. Ya ce ƙarfen da yana karɓar guduma ya miƙe, na yanzu in mutum ya jingina sai ya bar hoton ƙugunsa a jiki, amma fa bayan Sabulu ya yi kyau, a faɗi gaskiya. Baba ya ce masa dama tun yana saurayi baya yake kallo. Aka yi ta dariya.

Abin da Baba ya fi nanatawa shi ne, tasa tun daga kan gada ake cewa ga Malam Sule nan. Waɗannan kuwa in suka cika gari ba wanda zai gane ta wane ce. Habibu ya ce ai shi ya sa aka yi lamba.

Iya ba ta san komai a mota ba, ko gidan gaba ba ta yarda ta zauna. Amma wani dare ta tona wuta ta ce da Habibu, da sunan tsokanar da take kiransa:

“Maigida, kawo matar taka in gani.”

Ya miƙa mata. Ta karkata takardar wajen hasken garwashi, ta daɗe tana kallo, ta ce kyakkyawa ce, sai dai ba ta da dangi. Ta mayar masa, ta gyara zama, ta buɗe tatsuniya yadda ta saba: ga ta nan tafe, ku matsa mata. Muka ce ta zo ta zauna.

Wai a wani gari na bakin kogi kowane gida da tsagarsa, ko a duhu uwa ta shafa fuska ta san nata. Sai wani baƙo ya zo da dutse mai santsi, wanda in an goga a fuska tsaga take ɓacewa, fata ta koma sumul kamar ƙwai. Samari suka yi layi. Wata tsohuwa ta yi ta roƙon ɗanta, ya ce ita ba ta san kyau ba. Da ta ga ba zai hanu ba, yana barci ta sa farce ta yi masa ɗan tabo a bayan kunne, inda dutse ba zai kai ba. Ana nan, ɗaya daga cikin samarin ya jefi Dodon kogi yana shan rana. Dodo ya fito neman wanda ya jefe shi, ya duba ya ga fuska ɗaya ce a kan kowa, sai ya tattara su duka ya nutse da su. Tsohuwa ta bi shi har ƙarƙashin ruwa. Dodo ya ce ta zaɓi nata a cikin duhu, sau ɗaya tak, in ta kuskure ita ma ta zauna. A nan Iya takan rufe ido, ta miƙo hannu tana laluben kunnuwanmu ɗaya bayan ɗaya, yatsunta na ƙamshin toka, muna zillewa muna ƙyalƙyala. Ta tsaya a kan na Habibu ta ce, “Ga nawa.” Tsohuwa ta riƙo hannun ɗanta suka fito. Ta ƙare, ta bi hayaƙi.

Na tambaye ta sauran samarin fa. Ta zaro dankali ta ɓare, ta ce, “Su ma da uwayensu, ƙawata. Ci, ya huce.”

Shekaru suka tafi. Mai Kafaɗa ta gaji, aka ɗora ta kan duwatsu a kusurwar gida, kaji suka samu wurin ƙwai. Sabulu ta cika Garwa kamar yadda Baba ya faɗa. Habibu ya yi ta tuƙa motocin mutane har ya sayi tasa, okaziyo, wato ta hannu, daga Duwala, ruwan toka. Ranar da ya shigo da ita ya zagaya ta ya fi a ƙirga, yana goge wurin da ba datti. Baba ya leƙa ya ce Allah ya sa alheri, ya ƙara da cewa har yanzu dai ba ta da kafaɗa. Idon Iya ya fara rufewa lokacin. Ta sa aka kai ta, ta bi jikin motar da tafin hannu har ta iske madubin gefen direba, ta tambaya ko wannan ne kunnen. Aka ce eh. Kafin kowa ya ankara ta zare tsinken kitso daga kanta, ta ja layuka a ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, irin na kumatunta.

Ban taɓa ganin Habibu ya fusata haka ba. Bai iya yi mata tsawa ba, sai ya fita. Kwanaki ba ya cin tuwon da ta aika masa, ita kuma tana gaya wa maƙwabta maigida ya yi yaji. Ya rantse zai kai wa Malam Pol ya shafe da fenti. Ya daɗe yana faɗa.

Bana, bayan na gama lise, ya ce in raka shi kasuwar Bibemi in ga gari, zai kai wasu mata masu sayen gyaɗa. Da rana tsaka ne, a kan hanyar dawowa. Muka sha kwana sai ga itace a gicciye, mutane suka fito daga ciyawa fuska a naɗe. Zargina ne, masu tare hanya. Abin da na fi tunawa, kuma yake hana ni barci, shi ne ba kuɗi suka fara tambaya ba. Suna ta cewa ina Alhajin shanun, da Fillanci da Hausa. An gaya musu wani dillali zai biyo da kuɗin shanu a Sabulu ruwan toka. Habibu ya ɗaga hannu yana rantsuwa ba shi ba ne, su duba lamba. Ba wanda ya duba. Suka fito da mu mata suka kwantar a gefen hanya, bakin bindiga ya taɓa ƙeyata, har yanzu ina jin sanyinsa. Na ji Habibu yana cewa, “Zuwaira, kar ki ɗago.” Ban ɗago ba. Na ji an rufe ƙofa, motar ta tashi da shi a hankali, don ita ba ta da ƙara.

Bayan kwanaki jandarmomi suka aiko a zo. Muka tafi ni da Baba. Jandarman da ya karɓe mu mutumin kirki ne, ya zaunar da Baba kafin ya yi bayani. Motoci biyu aka samo a daji, domin ranar ba tamu kaɗai aka tare ba. An cire musu lamba, an kwashe takardu da duk abin da ke ciki. Ɗaya an same ta ba kowa, kuma makiyaya sun ga an wuce da direbanta a raye. Ɗayar an iske direbanta kwance a gefenta, mutanen wani ƙauye suka yi masa sutura tun ranar. Ya nuna mana wacce ce wacce. Ya ce binciken lambar inji zai ɗauki lokaci, ko za mu iya gane tamu.

Suna tsaye gefe da gefe a rana, ruwan toka, masu idon mage. A inuwar bango akwai wata mata da goyo, matar ɗaya direban, ita ma an kira ta ta kasa ganewa. Baba, wanda ke faɗin sunan mai mota tun daga kan gada, ya tsaya yana kallo daga wannan zuwa waccan. Ya ce, “Je ki, uwata. Ni ƙafata ba za ta kai ba.”

Na fara da wadda aka ce direbanta yana raye. Na rufe ido kamar Iya, na sa yatsu ƙarƙashin madubi. Na shafa, na sake shafawa, na durƙusa na leƙa. Sumul. Na ce wa kaina ai ya rantse zai shafe, wataƙila ya kai wa Malam Pol ban sani ba. Ina wannan addu'a na taka zuwa ta biyun, ban taɓa roƙon Allah komai kamar yadda na roƙi in ji santsi ba. Ƙarfen ya yi zafi. Layukan suna nan, har tsatsa ta fara kama su.

Ban yi kuka a wurin ba. Na juyo, idona ya faɗa cikin na matar nan. Ta karanta fuskata, ta sunkuyar da kai, ta kwance goyonta ta rungume. Ba ta yi murna a gabana ba, Allah ya saka mata.

Da muka dawo Iya tana ƙofar ɗakinta, ba wuta. Ba ta gani yanzu ko kaɗan, takuna ta ji.

“Kin shafa?”

“Na shafa, Iya.”

“Tana nan?”

“Tana nan.”

Ta yi salati a hankali. Can ta ce, “Ashe bai shafe ba.” Ta kai hannu ta taɓa kumatunta.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan tana cewa tabo yana ceton mutum, duk wanda uwarsa ta yi wa alama zai dawo gida. Na ji haushin Iya kwanaki a kan haka, Allah ya yafe mini. Sai da muka je ƙauyen, wani dattijo ya kai mu gindin wata tsamiya ya nuna mana ƙasar da aka rufe shi, na ga Baba ya durƙusa ya kira Habibu da sunansa, sannan na fara ganewa. Ba don layukan nan ba da gida biyu ne za su yi ta zama tsakanin fata da makoki, ba wanda ya san wa zai yi wa addu'ar rai, wa zai yi wa ta rahama. Iya ba ta da ikon hana Dodo ɗauka, ta sani tun a lokacin. Ikon da take da shi bai wuce na ta ce ga nawa ba. Na kuma gane abin da ya sa ta cika mini baki da dankali ranar da na tambayi sauran samarin. Kullum ina saka matar nan mai goyo a addu'a, ban san ko nata ya fito ba.

An dawo mana da Sabulu, tana kusa da Mai Kafaɗa. Ba wanda ke tuƙa ta. Malam Pol ya zo ta'aziyya ya ce in ana so zai gyara ta a sayar, Baba ya ce a bari tukuna, kuma ko an gyara kar a taɓa wajen madubi. Kowace safiya yakan ɗauki bokiti ya wanke ta. Shekaranjiya na fito na same shi ya ja baya yana kallonta, tsumma a hannu, bai san ina nan ba. Na ji yana cewa, kamar mai ba wani amsar da ya daɗe yana jira:

“To, ba ta da muni. Bayan ya yi kyau.”